Jar Motar da Ta Je Biko Ikara

Iliyasu na Gazara ya fara tuƙi tun bai cika shekara goma ba, in dai za a bi ta bakinsa. Gaskiyar maganar ita ce ubansa na da injin matse rake a bakin fadama, irin wanda doki ke juyawa, shi kuwa aikinsa ya bi bayan dokin nan da tsumagiya tun daga hantsi har la'asar. Da ya girma sai ya riƙa gaya wa mutane wai a wancan zamanin ya yi tafiyar da ta isa ta kai mutum Makka ta dawo da shi, illa dai duk a wuri ɗaya aka yi ta. Haka bakinsa yake. Ba mugu ba ne, ko kusa. In yana da goro ɗaya sai ya raba shi uku. Amma Allah ya yi shi da son a gan shi, sannan yana da wani hali da ya fi wannan cutar da shi: in abu ya ba shi kunya ba ya iya tunkararsa, sai ya tafi neman wani ƙaton abu da zai rufe shi da shi.

Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya gaji da warin tukunyar mazarƙwaila, ya bi wata motar auduga zuwa Zariya. Ya sha zagi, ya sha maiƙo, ya koyi mota, ya sami lasisi, har Allah ya haɗa shi da wani Baturen auduga da ke zagaya kasuwanni yana duba kyawun kaɗa. Shekara takwas yana tuƙa shi. A cikin shekarun nan ne ya auri Mairama, 'yar farin Malam Lawal na Ikara, suka kama ɗaki a Tudun Wada.

Mairama ba mai yawan magana ba ce, amma ita kaɗai ta san maganin bakin mijinta. In ya dawo daga rangadi ya ce sun yi karo da zaki a kan hanya, sai ta ci gaba da murza ƙuli-ƙulinta ta ce, "Rage dai, Malam." Ya ce to, kura ce. Ta ce, "Ƙara ragewa." Haka za a yi ta sauka har a iso kan karen wani maharbi, su yi ta dariya su biyu. Yana sonta so na gaske, ko da yake da za a sa masa wuƙa a wuya ba zai faɗa a gaban mutane ba.

Shekara biyu da samun mulkin kai, a farkon damina, Allah ya yi wa Inna Kulu, mahaifiyar Mairama, rasuwa. Iliyasu na can kudu da Baturensa, saƙo bai same shi ba sai bayan an yi bakwai. Wannan ba laifinsa ba ne, kowa ma ya sani. Laifinsa ya fara ne daga ranar da ya dawo Zariya ya tarar da ɗaki a kulle, matarsa na Ikara wurin zaman makoki, ya ce a ransa da wane ido zai dubi surukinsa bayan kwana goma sha biyu. Ya ce bari sai jibi. Jibi ta zo kunyar ta ƙaru. Ya ce to, sai sadakar arba'in. Ranar arba'in ya shirya tsaf, ya je har tasha, ya ga mutanen Ikara cike da mota, sai ya ba wani ƙwaryar goro ya ce a kai, ya koma gida. Mairama ba ta dawo ba, ba ta kuma aiko da ko kalma ɗaya ba. Sai da aka shiga wata na biyar sannan gwaggonta ta aiko masa da saƙo gajere: in an yanke dawa bai zo ba, ya aiko wa yarinya da takardarta.

Dawa kuwa ta riga ta fitar da kai.

Ana cikin haka Baturen ya gama aikinsa zai koma ƙasarsu. Ban da motar aiki, yana da wata 'yar jar mota tasa ta kansa, mai kujera biyu rak, ba rufi sai ɗan tamfol da ake naɗewa a baya, ga ta ƙasa-ƙasa kamar kwanon da aka kife. In aka taka ta sai ta yi gurnani, kaji su watse. Baturen yakan shafa ta ya ce a can garinsu an yi ta ne don bin titin bakin teku, iska na kaɗa mutum. Ya sayar wa wani lauya a Kano, ya miƙa wa Iliyasu makulli ya ce ya kai ta cikin kwana uku. Ya kuma ja masa kunne cewa batirinta ya tsufa, sitata ba ta ɗauka, in ta mutu sai an tura, kuma da zarar an ɗage ƙafa daga totur take mutuwa.

Iliyasu bai ji wannan kashedin ba, domin tuni zuciyarsa ta isa Ikara. Ya ga kansa yana shiga gari da hantsi, yana danna oda, mata na leƙowa ta kan katanga, Malam Lawal na miƙewa tsaye, Mairama na fitowa da lulluɓi ta zauna a gefensa. Wa zai tuna da zancen arba'in a gaban irin wannan mota? An ce zanen aro ba ya rufe katara, amma ba a taɓa gwada jan zane mai taya huɗu ba.

Biko ba a zuwa shi ba babba. Don haka da sassafe ya biya ta Likoro ya ɗauki Baba Sa'idu, ƙanen mahaifinsa, dattijo dogo mai kaurin wuya, wanda bai taɓa wuce ko akuyar maƙwabci ba tare da ya tambayi lafiyar mai ita ba. Baba Sa'idu ya zagaya motar sau biyu, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "Ita wannan ba ta gama girma ba ne aka raba ta da uwarta?" Da ƙyar aka naɗe shi aka cusa, gwiwoyinsa na taɓa gemunsa, babbar rigarsa ta cika motar har ta zubo waje. Samarin unguwa suka tura, ta yi tari ta tashi.

Tsakani da Allah, mil biyun farko sun yi daɗi. Hanya ta sha ruwa ta lafa, dawa ta yi bango hagu da dama, iska na shiga hannun riga tana fita ta wuya. Iliyasu ya karkata hula ya fara fito. Sai ga wani tsoho a gefen hanya da fartanya a kafaɗa.

"Tsaya," in ji Baba Sa'idu.

"Baba, in na tsaya mutuwa za ta yi."

"Ta mutu mana. Kai ko a kan keke ka taɓa wuce babba ba ka sauka ba? Yau don ka hau jan kwano sai ka zama ɗan wani gida?"

Aka tsaya, ta mutu. Suka fito, Iliyasu ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Aka tambayi kwana, aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali da yara da ruwa da yabanya, aka gano cewa tsohon ya san kakan Iliyasu, aka sake sabon zagaye. Da aka kai ƙarshe aka shafa fatiha. Iliyasu ya dubi gabas ya dubi yamma, ba kowa sai su uku. Baba Sa'idu kuwa tun da ya sha wuyar shiga ya rantse ba ya turi, ciwon baya gare shi. Iliyasu ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, don Allah ko za a ɗan taɓa mana ita ta baya?"

Tsohon nan ya ajiye fartanya ya tura. Me zai ce? An gaishe shi gaisuwar da ko 'ya'yansa ba su yi masa ba.

Haka aka yi da na biyu, haka aka yi da na uku. Na huɗu limamin wani ƙauye ne da ya fito da farar riga zai je ɗaurin aure. Yana cikin turi motar ta yi wata irin atishawa ta salansa, ta bar masa baƙin tambari a gaban riga. Iliyasu ya ga abin ba zai ɓulle ba, sai ya kawo hujja. Ya ce, "Baba, ka duba fa. Mu da muke zaune a cikin motar nan, kanmu bai kai ƙugun mai tafiya ba. Ai ko durƙusawa muka yi ba za mu fi haka ƙasa ba. Me zai hana mu riƙa gaisawa muna wucewa?" Baba Sa'idu ya gyaɗa kai kamar zai yarda, sannan ya ce, "Durƙuson da gwiwa ba ta ji shi ba, ba durƙuso ba ne. Tsaya, ga wani can."

Wani mai jaki da ya ɗauko tukwane zai kai kasuwar Makarfi ya wuce su suna gaisuwa. Suka tashi suka wuce shi da gurnani, Iliyasu har da ɗaga masa hannu. Can gaba ya sake wuce su suna gaisuwa. Sau biyar ana haka. A na ƙarshe mai jakin ya ce, "Ko akwai saƙon da zan riƙe muku zuwa gaba?" Bai jira amsa ba, kuma ya kai saƙon. Kafin su shiga Makarfi da azahar, kasuwa duk ta san akwai wata jar mota da ke tafe, mai ita yaron kirki ne ƙwarai, ba ya wuce babba, amma duk wanda ya amsa gaisuwarsa sai ya yi gumi.

Daga Makarfi zuwa gaba sai wani abin mamaki ya fara faruwa. Za su hango dattijo a nesa, fari tas da gemu, yana tafe a natse. Da ya ji gurnanin nan sai ka ga ya tattare riga ya faɗa cikin dawa kamar wanda kunama ta harba. Wani har ya bar takalminsa ɗaya a kan hanya. Baba Sa'idu ya yi ta salati yana cewa duniya ta zo ƙarshe, manya na gudun gaisuwa. Iliyasu dai ya danne dariyarsa, ya taka mota, ya ce Allah ya ƙara musu lafiyar ƙafa.

Murnarsa ba ta yi nisa ba. Akwai wani rafi da hanyar ke ratsawa, wanda manyan motoci ke shiga su fita ba su ma san sun taka ruwa ba. Iliyasu ya tuna zancen Bature, ya ce motar da aka yi don bakin teku ai ba za ta ji tsoron wannan ɗan fitsarin ba. Ya shiga da ƙarfinsa. Tana kai tsakiya cikinta ya zauna daram a kan yashi, tayoyi na juyawa a banza, ruwa ya shigo ya jiƙa su har ƙugu, salansa ta cire ta bi ruwa sai da aka tsamo ta. Wasu manoma da ke aiki a fadama suka zo suka tsaya suna kallo har suka ƙoshi, sannan su goma suka kama ta, biyar nan biyar can, suka ɗaga ta a kafaɗa suka haye da ita. Baba Sa'idu na tsaye a gaɓa yana matse riga ya ce, "Ka ga yadda suka ɗauke ta, sai ka ce makara." Iliyasu ya buɗe baki zai mayar da wasa, sai ya tuna da Inna Kulu. Bai sake yin fito ba har suka isa.

La'asar ta yi sanyi suka shiga Ikara. Ba oda, don ruwa ya shige ta, sai wani kuka take kamar ɗan akuya mai mura. An ɗaure salansa da igiyar rama. Mata sun leƙo ta kan katanga, wannan kam ya samu, sai dai dariya suke. Malam Lawal na zaune a ƙofar zaurensa a kan buzu yana tufkar igiya, motar ta zo ta tsaya taku biyar daga gabansa, ta yi tari, ta mutu, hayaƙi na tashi. Bai ɗaga kai ya dube ta ba. Iliyasu ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya tsuguna a gefe, kansa a ƙasa. Dattawan biyu suka gaisa, suka daɗe suna gaisawa. Sannan Malam Lawal ya ce wa Baba Sa'idu, "Kun sha hanya. Da ƙafa kuka zo?"

Baba Sa'idu ya yi gyaran murya ya ce kusan haka ne. Ya jawo zance yadda manya ke jawowa, ya ce yaro ya yi kuskure, kuma ɗa na kowa ne, an zo neman afuwa. Malam Lawal ya saurara har ƙarshe, hannunsa bai bar igiya ba. Ya ce, "Ni ban riƙe kowa ba. Ita waccan tana da bakinta. Ya shiga ya ji." Bai ambaci sunanta ba, domin 'yar fari ce, tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, bai kuma taɓa zama sun yi hira ba. Kunyar ɗan fari haka take a gidajen da suka riƙe ta.

Aka kai Iliyasu soro na biyu. Akwai zana da ta raba shi da tsakar gida, ta cikin ƙofofinta ya ga gefen zanenta. Wata biyar bai ji muryarta ba, amma bakin nan nasa sai da ya yi halinsa. Ya ce, "Mairama, kin ga abin da na zo ɗaukarki da shi kuwa? Duk lardin nan babu irinta."

"Tun azahar labarinta ya iso," in ji ta. "Sannu da turi."



Ta ce, "Malam, tambaya ɗaya zan yi maka. Ka san inda aka sa Inna?"

Bai sani ba. Ya ce bai sani ba.

"Ni ma ban sani ba." Muryarta ba ta tashi ba, ba ta kuma yi rawa ba. "Suka ɗauke ta suka fita ta ƙofar nan, iyakata ke nan. Mace ba ta bin gawa. Ba ni da wa, ba ni da ƙane namiji. Baba kuwa ka san ba zan iya buɗe baki in tambaye shi ba, shi ma ba zai iya gaya mini ba. Na zauna ina cewa in ka zo kai ne ƙafata, kai ne idona, za ka je ka gano mini. Duk wanda ya yi sallama sai in ce kai ne. Sai ga goro." Ta numfasa. "Ba fushin rashin zuwanka ranar nake ba, wannan na Allah ne. Wata biyar uwata na kwance a bayan garin nan, ban san gabas take da hanya ko yamma ba."

Iliyasu ya ji kunyar da ya yi wata biyar yana gudu ta zo ta same shi gaba ɗaya, kuma ba ta kashe shi ba. Baƙin ciki ne ya fi ta nauyi. Sai a lokacin ya gane cewa duk tsawon kwanakin nan yana tunanin yadda za a dube shi ne, bai taɓa tsayawa ya yi tunanin abin da ita take jira ba. Ya tashi ya koma zaure, ya durƙusa a gaban surukinsa, abin da bai taɓa yi ba sai da wani a tsakani, ya ce, "Baba, ina roƙon a nuna mini wurin."

Malam Lawal ya ajiye igiya. Ya ɗauki sandarsa ya shige gaba, Iliyasu na biye da takalmi a hannu. Suka bi ta bayan gari, ta wata siririyar hanya tsakanin gonaki, ƙarangiya na kama masa ƙafar wando, ƙaya na sukarsa, bai tsaya cirewa ba. Da suka isa tsohon ya tsaya daga nesa kaɗan, ya nuna da sanda ya ce, "Ga ta nan."

Ciyawa ta rufe kabarin, ruwan damina ya zaizaye gefe ɗaya. Iliyasu ya tsuguna ya yi addu'ar da ya iya. Ya tuna matar nan da ba ta taɓa yarda sun haɗa ido ba, in ya zo sai ta shige ɗaki, amma kullum kazar da ta fi ƙiba ita ake yanka masa. Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Ya cire ciyawar da hannu, ya ɗebo ƙasa ya cike inda ruwa ya ci, ya daddanna, ya jawo ƙaya ya rufe. Sannan ya juyo, kansa a sunkuye, ya faɗi abin da ya kamata ya faɗa tun farkon damina: "Baba, ya muka ji da haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

"Amin," in ji Malam Lawal. "Yau ka zo."

Da suka dawo sun tarar da wata akuya ta haye kujerar direba tana cin igiyar tamfol, Baba Sa'idu kuma ya riga ya shirya da mai jakin tukwanen nan, da shi ma ya ƙaraso Ikara, zai bi shi gida washegari, ya ce shi da jan kwano sai a lahira in ana hawa. Motar dai ta isa Kano a ranar da aka ce, lauyan ya yi ta faɗa a kan warin rafi da kashin akuya. Iliyasu ya koma tuƙin babbar mota tsakanin Makarfi da Zariya, ya yi shekaru yana yi, kuma har ya tsufa akwai dattawan da in sun hango shi sai su kama ƙugu su ce yau ba su da lafiyar turi.

Amma a wannan yammacin bai ko dubi inda motar take ba. Ya wuce soro na biyu ya tsuguna a jikin zana, hannuwansa duk ƙasa har gwiwa. Ya gaya mata komai daki-daki: in an fita ta bayan gari a bi hanyar da ta ratsa gonar gyaɗa, a bar tsohuwar rijiya a hannun dama, kabari na uku daga bakin shinge. Ya gaya mata ruwa ya ci gefe ɗaya, ya gyara.

Sannan ta ce, "Akwai inuwa?"

"Akwai wata aduwa ta gabas da ita," in ji shi. "Da safe inuwar na kanta. Da yamma rana na samunta kaɗan."

Sai ya ji ta fashe da kuka, irin kukan da aka daɗe ana riƙewa. Ya zauna yana ji, bai ce ta yi haƙuri ba. Da ta gama ta share fuska da bakin zane, ta turo masa buta ta ƙarƙashin zana.

"Wanke hannunka ka ci abinci," ta ce. "Gobe ka kai wa mutane kayansu, ka dawo. Kafin nan na ɗaure nawa."